Kiwon zomaye a gida: yadda za ku tsallakar da su bazara

Zomo dabba ce mai saurin kawo riba. Zomanya tana ɗaukar ciki kamar kwana 31, ta haifi ƴaƴa shida zuwa takwas. Sai dai a aikina na kula da lafiyar dabbobi, babbar asarar da nake gani a gidaje tana zuwa ne a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40.

Zomo ba ya gumi kamar mutum. Ta kunnuwansa da numfashi yake rage zafin jiki. Da zafi ya wuce digiri 30, yakan rage cin abinci. Idan ya haura 35, yana iya mutuwa a yini ɗaya. Namiji kuma ƙarfin barbararsa yana raguwa.

Ku fara da wurin kwana. Ku ajiye kejin ƙarƙashin itace ko rumfar zana, inda iska ke ratsawa. Rufin kwano yana gasa su. In shi kuke da shi, ku shimfiɗa kara ko bunu a kansa. Da tsakar rana, ku rataya jiƙaƙƙen buhu ta gefen da iska ke shigowa.

Kada ruwa ya yanke musu, musamman zomanya mai shayarwa. Ku zuba a kasko mai nauyi wanda ba za su kifar ba, ku sake shi safe da marece.

Zomo ya fi ci da dare, don haka ku ba da mafi yawan abinci bayan la'asar, kaɗan da sassafe. Harawar wake da ta gujiya su ne tushe, a ƙara dusar hatsi kaɗan da ganyen zogale ko na dankali. Ɗanyen ganye a bar shi ya ɗan yi yaushi a inuwa tukuna. Sabon abinci a shigar da shi sannu a hankali, domin canji farat ɗaya yana kawo gudawa. Ku guji tumfafiya, da dusa mai hunhuna, da ganyen lambun da aka fesa wa magani.

Idan kun ga zomo ya miƙe yana haki, hancinsa a jiƙe, ku kai shi inuwa nan take, ku shafa wa kunnuwansa ruwa mai ɗan sanyi. Kada ku tsoma shi cikin ruwa, kada kuma ku ɗaga shi ta kunne.

Shawarata ita ce ku dakatar da barbara a tsakiyar bazara, ku jira saukar damana. Wanda ya ga gudawa ko ɓawon ƙazwa a kunne, ya ware zomon, ya nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi mafi kusa tun kafin ciwon ya bazu.