Su wane ne Kiristoci masu ra'ayin sauyi?

Tun ranar 21 ga Janairun 2025, da Bishop Mariann Budde ta roƙi Shugaba Donald Trump a babban cocin Washington da ya tausaya wa baƙin haure, ake yawan jin labarin majami'u masu ra'ayin sauyi a Amurka.

Kiristoci ne da ke karanta Littafi Mai Tsarki tare da la'akari da zamanin da aka rubuta shi. A wurinsu, ciyar da matalauta da yaƙi da wariyar launin fata ibada ce. Ana samun su a ɗariƙu irin su Episcopal da United Church of Christ, wadda aka kafa a 1957.

Sujadarsu ta Lahadi irin wadda aka saba ce: waƙoƙi, karatun nassi, wa'azi, baiko, sai Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da Yesu. Sai dai mace na iya zama fasto, kuma ikilisiyoyi da yawa ba sa hana baƙo Jibin. Idan an tashi, a sha gahawa, a gaisa. A tsakiyar mako kuwa zauren majami'a yakan koma wurin raba wa mabukata abinci.

Inda ake samun saɓani shi ne karɓar masu auren jinsi. Da Episcopal ta naɗa Gene Robinson, mai zama da namiji ɗan'uwansa, bishop a 2003, Cocin Anglican na Najeriya ya yanke hulɗa da ita.