Dalilin Da Ya Sa Waɗansu Ke Zuba Dukiya Don Ƙara Wa Mota Gudu

 Ga wata mas'ala da ta cancanci a dube ta. A ƙasashen Turawa akwai waɗansu mutane da za su sayi mota lafiyayya, su kai ta gareji a kwance injinta, su kashe mata kuɗi, wani sa'in har fiye da yadda suka saye ta, don kawai ta ƙara ƙarfi da gudu. Ran da suka tashi sayarwa kuwa da wuya su mai da kuɗinsu, domin mai saye yana tsoron motar da aka taɓa cikinta. Ɗan kasuwa in ya ji haka sai ya ce wauta ce. To, kafin a yanke hukunci sai a ji hujjarsu.

Da fari a san inda ƙarfin yake fitowa. Injin mota wuta ce da aka kulle cikin silinda. Fetur ba ya ci sai da iska, kuma in an auna da nauyi, kashi 1 na fetur yana bukatar iska wajen kashi 15. Saboda haka ƙarin fetur shi kaɗai ba ya haifar da kome sai hayaƙi. Dabarar duka ita ce a shigar da iska mai yawa, a matse ta ƙwarai, sa'an nan a fitar da hayaƙin da sauri. Mai ƙera mota ya san haka sarai, amma da gangan yake rage wa injin ƙarfi, domin yana ƙerawa ne don kowa da kowa, da mai zuba fetur marar kyau, da mai mantuwa da canjin baƙin mai, da mazaunin ƙasa mai zafi. Watau akwai rara da ya bari a ciki don motar ta daɗe. Wannan rarar ce masu gyara suke tonowa, abin da suke biya kuwa ba kuɗi kaɗai ba ne, har da kwanan injin.

A Amurka wannan sha'ani ya yi ƙarfi. Cikin shekarar 1932 kamfanin Ford ya fitar da mota mai araha mai silinda 8, ƙarfin doki 65. Zamanin kasuwa ta faɗi, samari ba su da kuɗin motar tsere irin ta attajirai. Sai na jihar Kalifoniya suka riƙa sayen tsofaffin Ford, suna cire duk ƙarfen da ba ya taimakon gudu, suna ɗora kafireta 2 ko 3 a maimakon guda, suna kankare murfin silinda don matsi ya ƙaru. Sa'an nan su nufi hamada, inda akwai busassun tafkuna shimfiɗaɗɗu kamar faifai, irin su Muroc da El Mirage, su saki motocin. Cikin 1937 suka kafa ƙungiya wadda babban aikinta shi ne riƙe agogo, ta auna gudun kowa ta rubuta.

A kan wannan agogo nake so mai karatu ya tsaya. Babu kasuwar da suke saurin cimma, fili ne fetal babu kowa. Abin da mutum yake nema shi ne ya yi tunani da kansa, ya sa hannunsa ya gyara, kana wani shaida da ba ya karɓar toshiyar baki ya gaya masa ko tunanin nan daidai ne. In makon jiya ya yi mil 100 cikin sa'a, yau ya yi 103, to mil 3 ɗin nan nasa ne, ba na Ford ba. Duk wanda ya taɓa kwana yana juya wata mas'ala mai wuya har ta warware masa ya san wannan daɗi, kuma ya san ba a sayar da shi. Haka mai kiwon doki, yana iya sayen ingarma a kasuwa, amma ba zai so shi kamar wanda ya hora tun yana ɗan duƙushi ba.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu cikin 1945, sojoji suka komo gida da sanin aikin injin, abin ya ƙara bunƙasa. Cikin 1948 aka fara buga mujallar Hot Rod, cikin 1949 suka fara taron shekara a filin gishiri na Bonneville a jihar Utah. Amma waɗansu suna tsere a kan titi suna halaka mutane, shi ya sa cikin 1951 wani mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA, don a koma fili killatacce, a yi tseren rubu'in mil bisa doka.

Me ya sa kuɗin ba ya ƙarewa? Sababi biyu ne. Na ɗaya, iskar da mota ke ketawa tana ture ta, kuma wanda yake so ya ninka gudunsa sau 2, ƙarfin da zai keta iskar da shi sai ya ninka sau 8. Saboda haka kowane mil na ƙarshe ya fi na gabaninsa tsada. Na biyu, kayan mota an auna su ne bisa juna. Ka ƙara wa injin ƙarfi, sai giya ta kasa ɗauka. Ka sake giya, sai lagireto ya kasa sanyaya shi. Ka sake shi, sai taya da birki su nemi nasu. A yau abin ya fi sauƙin farawa, domin injuna da yawa suna da turbo, watau fanka wadda hayaƙin salansa ke juyawa tana cusa iska, kuma kwamfuta ce ke mulkinta. Bakanike ya sake umurnin kwamfutar, cikin yini guda ƙarfi ya ƙaru. A nan ne nake ganin aibu, domin da yawa su kan biya kuɗin gudu su ƙyale na tsayawa. Wanda ya ƙara injin ya bar birki yadda yake, sa'an nan ya hau titin da jama'a ke bi, ba dukiyarsa kaɗai ya sa a caca ba.

Kada kuma ɗan kasuwa ya zaci babu riba cikin sha'anin. Akwai ta, sai dai tana wajen mai gyara ne. A Jamus cikin 1967 injiniyoyi biyu, Aufrecht da Melcher, suka buɗe ɗan wurin gyara suka kira shi AMG. Suka ɗauki wata babbar Marsandi ta manyan mutane, suka faɗaɗa injinta daga lita 6.3 zuwa 6.8, ƙarfinta ya tashi daga doki 250 zuwa sama da 400. Cikin 1971 ta shiga tseren sa'a 24 a Spa ta ƙasar Beljiyam, ta zo ta biyu. Daga nan masu Marsandi suka riƙa kawo musu nasu. Cikin 1999 kamfanin da ke ƙera Marsandi ya sayi mafi yawan hannun jarin AMG, cikin 2005 kuma ya saye sauran.