Facin Taya Marar Tub: Mu Yi Hattara

A Malam Madori da ƙauyukan fadamar Kogin Haɗeja, babur ya zama jakin zamani. Shi ke kai buhun shinkafa kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti. Hanyoyinmu kuwa ba su rabuwa da ƙusa da ƙayar aduwa.

Yanzu wasu babura suna zuwa da taya marar tub, wadda ke riƙe iska da kanta. In ƙusa ta shige ta, ƙusar ce ke toshe hujin, iska ta riƙa fita a hankali. Saboda haka kada mu yi garajen zare ta a daji, mu lallaɓa har wurin mai faci.

Mai faci zai shafa ruwan sabulu ya ga inda kumfa ke tashi. Sa'an nan ya zare ƙusar, ya goge hujin da ƙarfe mai kaushi, ya shafa wa igiyar roba sholisho, ya cusa ta, ya yanke ragowar, ya ba da iska.

Amma fa, 'yan'uwa, wannan faci na kai mu gida ne kurum. Mai ƙarko shi ne a cire tayar a manna faci ta ciki. In kuwa hujin yana gefen taya, inda take lanƙwasawa, ba ta facuwa, sai sabuwa. Ƙafa biyu babur ke da su. In ta gaba ta fashe ana gudu a hanyar Haɗeja, mai tuƙi da wanda aka goya duk sai ƙasa. Kuɗin taya bai kai ran mutum ba.