Leza mai koren haske: dusashewarta ba mutuwarta ba ce

Mai bi ta Ƙofar Guga bayan sallar isha, musamman in hunturu ya kankama ƙura ta cika iska, ya san koren layin nan da ke tsaga duhu, ya hau bango, ya sauka a rigar mutum, ya ƙare a fuskar mai Keke Napep. Da can yara ke wasa da fitilar yadda aka sayo ta. Yanzu samari masu hannun gyaran waya da tocila sun shigo ciki: a farke ta, a ɗaura mata babban batir da aka ciro daga mataccen laftof, a taɓa nan a taɓa can, sannan a yi gasar ta wa za ta kunna kan ashana. Ba ni da ja da basira. Abin da ya ishe ni wata magana ce da ke yawo a tsakaninsu, wai in koren ya dusashe lezar ta mutu, sai ka leƙa bakinta ka ga abin da ya lalace.

Wannan magana tana iya cinye wa mutum ido.

Leza dai haske ne da aka tattara waje guda, ba ya bazuwa kamar na tocila. To amma yawancin masu kore na kasuwa ba kore suke fara haifarwa ba. A gindinsu akwai ɗan ƙwan da ke fitar da hasken infared mai tsawon zango nanomita 808. Wannan ya bugi wani ƙanƙanin dutse mai kama da gilashi, dutsen ya fitar da wani infared ɗin na 1064, sannan dutse na biyu ya mai da shi 532, wato koren da muke gani. Na 1064 ido ba ya ganinsa sam, na 808 kuwa sai dai a ga ɗan ja-ja mai raunin gaske. Wanda ke shakkar akwai hasken da ido ba ya gani, ya ɗauki rimot ɗin talabijin, ya saita bakinsa ga kyamarar waya ya danna: a yawancin wayoyi zai ga ɗigon haske yana ƙyaftawa a allo, alhali idonsa bai ga komai ba.

Ba duka infared ɗin ke komawa kore ba. Kamfanin kirki yana sa ɗan gilashin tacewa a baki don ya tare ragowar. Masu arha sukan bar shi don rage kuɗi, kuma ko da akwai shi, shi ne abu na farko da ke faɗuwa ƙasa in an farke fitilar a kan benci. Duwatsun nan biyu kuma ba su son wargi. In suka goce kaɗan saboda faɗuwa, ko sanyin asuba na Janairu ya kama su, koren sai ya yi rauni ko ya ɓace, ɗan ƙwan da ke gindi kuwa yana nan yana aikinsa da ƙarfinsa. A daidai lokacin ne yaronmu ke cewa ta mutu, ya kai ta ido.

Allah ya yi wa ido kariya: haske mai ƙarfi ya buge shi, cikin kusan rubu'in daƙiƙa ya ƙyafta. Amma ido ba ya ƙyaftawa don abin da bai gani ba. Infared yana shiga, ƙwayar ido ta tattara shi a kan tantanin baya yadda gilashin ƙara girman rubutu ke tattara rana ya ƙona takarda. Tantanin nan ba shi da jijiyar jin zafi, shi ya sa ba ihu, ba jini. Sai daga baya mutum ya buɗe Alƙur'ani ya ga baƙin tabo zaune a tsakiyar layi, duk inda ya juya ido tabon na biye. Wurin da ya ƙone sosai ba ya komawa yadda yake.

Kada kuma rubutun jikin fitila ya ruɗe ka. Dokar Amurka ta tsayar da irin wannan fitila a miliwat 5, amma a 2013 hukumar awo ta ƙasar, NIST, ta gwada guda 122, ta samu kusan kashi 90 cikin 100 na masu kore sun saɓa ƙa'ida. Can ke nan, inda ake bincike. Wa ya auna wadda aka zubo cikin kwali aka baza a faranti ranar sallah?

Haska mutane kuwa rashin tarbiyya ne, ba wayewa ba. Masu kallon ƙwallo sun tuna fuskar Mohamed Salah ta koma kore da hasken leza a Maris 2022, lokacin bugun fenareti da Senegal, har FIFA ta ci tarar Senegal. Haska jirgi ya fi muni. A Amurka ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ne, mu kuma ga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa a bakin gari.

Kai mai gyara, cire batir kafin ka kwance komai. Kada ka leƙa bakinta, tana ci ko ba ta ci. In za ka gwada, saita ta ga bangon ƙasa ko baƙin kwali, ka kawar da madubi, allon waya, agogo da zobe, don abin da ya dawo daga ƙarfe mai ƙyalli ma yana ƙona ido. Kori yaran da ke zagaye da bencinka. Idonsu daidai yake da tsayin hannunka. Baƙin gilashin rana ba kariya ba ne, har ma yana sa ɗan bakin ido ya ƙara buɗewa. Tabarau na leza yana da lambobin zangon da yake tarewa a jikinsa, kuma wanda ke tare 532 kaɗai ya ɓoye maka koren ne ya bar infared ya wuce. Nemi mai ɗauke da 532 da 808 da 1064. In ba ka da shi, bar fitilar a rufe. Mai son nuna abu a allo ko a taro, ja mai ƙaramin ƙarfi ta wadatar. Ƙara mata wuta don ta kunna ashana kuwa, abin da ya kunna ashana me zai yi wa ido?

Iyaye, wannan ba kayan barka da sallah ba ne. In yaro ya ce yana ganin tabo, ko layi miƙaƙƙe ya koma masa karkatacce, a tambaye shi ko ya yi wasa da leza, a tambaya cikin lallami don tsoron duka na sa su ɓoye. Kada a ɗiga nono, kada a rambaɗa kwalli, kada a jira a ga ko zai washe. A kai shi wurin likitan ido a ranar, a tafi da fitilar don likita ya gan ta. In abin ya fi ƙarfin asibitin gida, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.