Wagashi a Kan Garwashi

Duk wanda ya sauka a tashar Guéma ta Paraku da yamma, ƙamshi ke fara tarbarsa. Naman da ake gasawa a bakin titi, mutanen Jamhuriyar Benin na kiransa cacanga, a Ghana kuma cicinga, amma Bahaushe na ganinsa ya san tsire ne da balangu. Ba abin mamaki ba ne. Paraku da Jugu tsoffin zanguna ne a hanyar fataken goro daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, kuma fatake ba sa tafiya babu yaji a jaka.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka mai da gashin gida abu ɗaya tilo: rago ranar Layya, gishiri, magi, shi ke nan. Alhali kasuwar Arzeke ta Paraku cike take da abin da wuta ke so.

Ɗauki wagashi, cukun da matan Fulanin Borgu ke yi. Suna ɗumama madara, su zuba ruwan tumfafiya, wani sinadari da ke cikinsa ya sa ta daskare, sannan a ci gaba da dafawa. Jan da ke bayansa na karan dafi ne. Saboda da zafi aka haɗa shi, kuma ba shi da tsami sosai, ba ya narkewa a kan wuta kamar cukun Turawa. Yawancinmu soya shi muke yi mu jefa a miya, a ci da sakwara. Gwada yanka shi da kauri, ka shafa man gyaɗa kaɗan, ka ɗora a kan waya. Bayan zai yi ɓawo, cikin ya tsaya da laushi. Ni dai na fi son sa a haka, da albasa da tumatir.

Wannan ɓawon yana da bayani. A 1912 wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana yadda furotin da sukari ke haɗuwa cikin zafi su haifar da launin ƙasa-ƙasa da ƙamshi. Abin yana kankama ne a wajen digiri 140, ruwa kuwa a 100 yake tafasa. Shi ya sa jiƙaƙƙen nama ke turara maimakon ya gasu. A tsane shi tukuna.

Yaji kuma sai an san lokacinsa. Garin ƙuli-ƙuli na da mai, yana saurin ƙonewa ya yi ɗaci. Dubi mai tsire: nesa da harshen wuta yake kafa tsinkensa, yana shafa mai yana juyawa, sai an sauke ya ƙara barbaɗawa. A gida ma haka ya kamata. Citta da kimba da masoro suna jure zafi. Barkono mai laushi a bar shi sai ƙarshe. Daddawa, wadda Bargawa ke kira sonru, in aka daka ta da tafarnuwa aka shafa wa zabo, tana ɗauke wa mutum buƙatar magi. Naman tsohon sa kuwa a naɗe shi da ganyen gwanda da aka murje, akwai sinadarin papain a ciki mai sassauta jijiya. Kada dai ya daɗe, zai yi taɓo.

Gyaɗar yajin ma a zaɓe ta. Wadda ta yi fumfuna na iya ɗauke da gubar aflatoxin, wadda zafin gashi ba ya kawar da ita. Wani bincike da aka buga a 2002 kan yaran Benin da Togo ya danganta ta da tsumburewar yara. Idan za ki daka yajinki, ki tsince gyaɗarki da hannunki.

Sai hayaƙi. Kitsen da ke ɗiga a kan garwashi yana tashi da sinadarai, ciki har da wanda hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar yana jawo cutar. Tara garwashin a gefe guda, nama mai kitse ya zauna a ɗaya gefen, a yanke inda ya babbake. A daina hura gawayi da leda ko fetur ɗin kwalba. Ƙirare da mafici sun isa. Zabo da kaza kuwa a tsaga kusa da ƙashin cinya kafin a sauke, in da sauran ja a mayar.