Kafin Ka Sayi Sola, Fara Duba Rufin Gidanka

Matsalar wuta ta sa matasa da dama a Wurno, Rabah da Goronyo sun koma sola don cajin waya da kunna fanka. Sai dai an fi lissafin batir da inbata, a manta da rufin da zai ɗauki kayan.

Farantin sola mai wat 550 ya kai kilo 27. Guda shida sun fi buhun siminti uku nauyi, ban da ƙarafan da ake ɗaure su a kai.

Idan rufinka na kwano ne, sa kafinta ya duba katakon, ko gara ta ci ko ya ruɓe. A ɗaure ƙarafan da noti a jikin katako, ba kwano kaɗai ba, sannan a toshe hudojin saboda yoyo. Guguwar farkon damina kan shiga ƙarƙashin faranti, ta yaye shi har da kwanon.

Idan soro ne mai azara, kada ka huda shi. Ƙasar kan ƙara nauyi idan ta sha ruwa. Sa mai walda ya kafa maka ƙarfe a tsakar gida. Wanke ƙurar hunturu ma zai fi sauƙi.

A nan yankin, faranti ya fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 13. A hau da safe kafin kwano ya yi zafi, a kuma lulluɓe farantin lokacin haɗa waya, domin yana ba da wuta da zarar rana ta taɓa shi.