Tsohuwar tarakta mai buɗe hanya cikin dusar ƙanƙara

A duwatsun Jura, gabashin ƙasar Faransa kusa da iyakar Suwis, lokacin sanyi ba wasa ba ne. A can ne garin Mouthe yake, inda ranar 13 ga watan Janairu na 1968 sanyi ya kai digiri 36.7 ƙasa da sifiri. Dare ɗaya dusar ƙanƙara kan sauko fara fat kamar auduga, ta binne hanyoyi kamar yadda rairayi kan yi a hamada.

Mutanen wannan yanki makiyaya ne, kuma da madarar shanunsu ake yin cukun nan da ake kira Comté. Ƙa'idarsa ita ce a sarrafa madarar cikin awa 24 bayan tatsa. Idan hanya ta toshe, motar madara ba ta iso ba, to, wahalar makiyayi ta tashi a banza. Haka kuma likita ba shi da ta zuwa, yara ba su da ta tafiya lakwal.

Manyan motocin hukuma manyan hanyoyi suke fara sharewa. Ƙananan hanyoyin ƙauye da harabar gidaje kuwa sai taraktocin manoma. Saboda haka dokar 9 ga watan Yuli na 1999 ta ba manomi izinin taimaka wa magajin gari da taraktarsa, bayan an ɗaura mata garmar turin ƙanƙara.

Daga cikin waɗanda ke wannan aiki har da tsofaffi, irin su Ferguson TE20. An ƙera fiye da 500,000 a Ingila tsakanin 1946 da 1956, Faransawa kuma suka raɗa mata suna “ƴar toka” saboda launinta. Ƙarfinta bai kai na doki 30 ba, amma tana da maɗauri mai kafa uku a baya, wanda Harry Ferguson ya ƙago, mai ɗaga garma da sauke ta. Irinta ce Edmund Hillary ya kai ƙuryar kudancin duniya a Janairu na 1958.

Ga yadda ake aikin. Tun da asuba manomi zai ɗaura wa ƙafafun baya sarƙa don kada su yi santsi, ya karkata garmar domin dusar ta zube gefe guda. Ba ya jira ta taru, gama idan ta daskare ƙaramin inji ba ya iya ta. Mai amfani da esansi ta fi saurin tashi, domin gazuwal kan yi kauri cikin tsananin sanyi.

Ba ta da rumfa, direba a fili yake shan iska. Amma ƙanƙantarta ke sa ta shiga lungun da babbar mota ba ta shiga, kuma mai ita da kansa yake gyaranta. Da tsohuwar zuma ake magani: kayan aikin da aka kula da shi ba ya tsufa.